Tafiyar Neman Murhu Zuwa Yalwan Damai

Hoto ne ya tayar da wannan tafiya. Ɗan gwaggona da ke aiki a Abuja ya turo mini shi ta WhatsApp: wani murhun gas na farin ƙarfe, mai kawuna shida, da gidan gashi a ƙasansa, sai sheƙi yake yi a cikin kanti. Ya ce ya tara 'yan kuɗi, Gwaggo ma ta kwashi adashe, yana so a haɗa a saya mata ta huta da hayaƙin da ta shekara da shekaru tana sha a rumfar abincinta. Roƙonsa ɗaya ne, tunda ni ina Kano kusa da gida, in je Yalwan Damai in duba inda za a girke shi. Niyyarsa ta alheri ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne yaro yana can cikin daular birni ya tuna da idanun mahaifiyarsa. Na ce masa in Allah ya yarda zan je.

Na shiga mota a Unguwa Uku da sanyin safiya, a tsakiyar kaka, hunturu ya fara turo ƙura. Hanyar sananniya ce ga duk mai zuwa kudancin Jigawa: a tsallake gadar Wudil, a wuce Kachako, a isa Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ke rabuwa, sannan a miƙa Birnin Kudu. Wanda aka aika neman murhu idonsa a kan makamashi yake, don haka tun daga Wudil nake ta kallon bakin titi. Ƙauyuka da yawa suna da tulin itace a ɗaure dami-dami, ga buhunan gawayi an toshe bakinsu da ganye, an jingina suna jiran mota. Motocin da ke nufo Kano kuwa, ɗaya bayan ɗaya, da buhu a ɗaure a baya ko a sama. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin sufuri ya hau kan komai, kilon gas ya haura naira 1,000, gidajen birni da dama da suka yi sallama da gawayi suka koma masa. Dajin ƙauye ne ke biyan wannan bashi. A shekarar ce ma hukumar kare muhalli ta Jigawa ta sanar da haramta sare itatuwa don itace da gawayi ba da izini ba. Jihar tana cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin nan na Tarayyar Afirka na kafa ganuwar itatuwa don tare hamada, wanda aka amince da shi a 2007. Ana dasawa ta nan, ana sarewa ta can, kuma ban ga laifin mai sarewar shi kaɗai ba, domin tukunya ba ta jiran bishiya ta girma.

Duwatsu ne ke fara yi wa baƙo maraba a Birnin Kudu. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da can suka bari, wanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950, yanzu kuma yana cikin kayan tarihi na ƙasa. Nan ne garin Kwalejin Gwamnati, inda Aliko Dangote ya gama sakandare a 1978, nan ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take, kuma ƙasar nan ce ta ba Jigawa gwamnanta na farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, da Sule Lamido na Bamaina wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. Ni dai shagon mai sayar da gas na nema, domin kafin a yi maganar murhu gara a san inda abincinsa zai riƙa fitowa.

Na tarar da shi a bakin sikeli yana yi wa wani yaro awon kilo biyu. Da muka gaisa na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya ce, "Malam, na gida ne ko na sana'a?" Na ce na sana'a ne, a Yalwan Damai. Ya ɗan yi shiru, sannan ya dafa wata silinda mai kilo 12.5 ya ce in aka haɗa ta da babban kai aka buɗe wuta sosai, za ka ga jikinta ya fara gumi, can sai ya yi fari da ƙanƙara, wutar ta yi ƙasa alhali da sauran gas a ciki. Gaskiya ya faɗa. Gas ɗin girki ruwa ne a cikin silinda, sai ya zuƙi zafi daga jikin ƙarfen yake zama iska, in aka ja shi da sauri fiye da yadda ƙarfen ke samun zafi sai silindar ta yi sanyi, ƙarfin fitowarsa ya ragu. Shi ya sa manyan gidajen abinci ke amfani da mai kilo 50, ko su haɗa biyu a layi guda. Mai kilo 50 kuwa in ta cika, da nauyin ƙarfenta, ba kayan bayan babur ba ce. Ya ƙara da cewa farashi yakan sauya da zuwan kowace mota, domin gas ɗin daga kudu yake tasowa, daga Bonny da ma'ajiyoyin bakin teku, yana tafe yana tara kuɗin hanya.

Daga nan na hau acaɓa. Yalwan Damai mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ƙasar noma ce, kuma a wannan lokaci na shekara kowa yana gona. An yanke dawa, kara na nan zube, riɗi an tsayar da shi dami-dami yana shan rana. Na sauka ƙofar gida da la'asar. Gwaggo ta fito tana share hannu da gefen zane, ta ce, "Lale, lale! Kai ɗan nan, sai yau?" Na durƙusa na gaishe ta. Tun kafin in sha ruwa na lura da idanunta, sun yi ja, suna ta ruwa, kuma a tsakanin kowace magana biyu sai ta yi ɗan tari.

Ban nuna mata hoton ba a daren. Na ce zan tashi tare da ita in ga aikin tukuna.

Kafin kiran assalatu ta riga ta hura wuta. Rumfarta a jikin katangar gida take, ta fuskanci hanya, rufin kwano ne, gefe biyu an kare da zana. Murhu uku ne a jere a ƙasa, kowanne duwatsu uku, sai kurfoti a gefe na tandar waina. Wake ne ke fara hawa wuta domin shi ne mai taurin kai, ko da an jefa masa kanwa. Sai ruwan shinkafa. Sai babbar tukunyar dalma mai zagayayyen gindi, irin ta gidan biki, wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta, ita ce ta tuwon dawa. Masu cin abincinta 'yan ƙwadagon gona ne, da 'yan acaɓa, da direbobin da ke zuwa ɗaukar hatsi, da malaman makaranta, kuma in ana suna ko biki a unguwa ita ake ba aikin.

Tuƙin tuwon shi ne abin da na tsaya na kalla sosai. Ruwa ya tafasa, ta dama talge ta zuba, ta rufe ya yi ta ɓararraka. Da ya nuna sai ta kafa ƙafafunta, ta kama muciya mai tsawon da ya kai mata ƙirji, ɗaya daga cikin 'yan matan da ke taya ta aiki tana barbaɗa gari, ɗayar kuma ta durƙusa ta danne kunnen tukunyar da tsumma don kada ta goce. Duk juyi ɗaya sai Gwaggo ta sa nauyin jikinta gaba ɗaya, muciyar ta daki gindin tukunya, duwatsun su motsa. Harshen wuta na fitowa ta kowane gefe, yana lasar iska, yana neman gefen zaninta. Hayaƙin kuwa ya taru a ƙarƙashin kwano ya rasa mafita, ya sauko daidai fuskar yarinyar da ke riƙe da tukunya. Yarinyar ta kau da kai, ta rufe ido, hawaye na zuba, amma ba ta saki ba, domin in ta saki tuwon mutum hamsin ne zai kife. Aka rage wuta, aka rufe ya sulala, aka sake tuƙawa, sannan aka shiga kwashewa da mara.

A nan na ciro waya na sake duban hoton. Irin wannan murhu an ƙera shi ne don kicin ɗin otal, inda ake girki a ƙananan tukwane da kaskon suya masu shimfiɗaɗɗen gindi, kowane mai ci da farantinsa da odarsa. Kawunansa a matse suke kusa da juna, tukunyar Gwaggo ɗaya za ta rufe huɗu daga cikin shidan, kuma ba za ta zauna ba saboda gindinta a zagaye yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tukunya mai cin lita 60 ta kai nauyin babban mutum tun ba a zuba gari ba. Tsayin murhun ya kai ƙugu, in aka ɗora tukunyar bakinta ya kai ƙirji, to ta ina za a tuƙa? Gidan gashin da ke ƙasa, wanda ya ci kaso mai tsoka na kuɗin, babu abin da za ta gasa a ciki. In makunni ɗaya ya lalace sai an je Kano neman irinsa. Kawo shi rumfar nan daidai yake da saya wa manomi takalmin ofis a ce ya shiga fadama da shi.

Da rana ta yi, cin safe ya lafa, muka zauna a kan benci na nuna mata. Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Allah ya yi masa albarka. Kyau kam ya yi kyau. To amma ina mazaunin tukunyar tuwo?" Ita da ba ta taɓa shiga kicin ɗin otal ba, kallo ɗaya ya ishe ta.

Muka shiga lissafin sauran hanyoyin. Lantarki bai ɗauke mu lokaci ba. Mai sayar da abinci ba ta iya ce wa mai jin yunwa ya dakata sai an kawo wuta, kuma ko da wutar ta zauna, hita mai ƙarfin kilowat 2 sai ta haura awa biyu da rabi kafin ta tafasa lita 60. Risho ma ya zama tarihi a wannan sana'a, tun ƙarshen 2022 litar kananzir ta wuce naira 1,000. Gawayi yana da daɗin aiki, ba hayaƙi sosai, wutarsa a natse, shi ya sa waina ba ta da kamarsa. Amma a yadda ake toya shi a daji, a binne itace da ƙasa, sai an ƙona itace kilo biyar zuwa goma kafin a samu gawayi kilo ɗaya, kuma masu toyawa itatuwa masu tauri suke nema, irin ƙirya da marke, waɗanda ke daɗewa kafin su girma. Ga wani haɗari da mutane ke rainawa: gawayi na fitar da iska mai guba da ba ta da wari, lokacin sanyi ana shiga da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa, a wayi gari an yi asarar rai.

Saura itace da gas, kuma a nan ne maganar take. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kusa ninka na busasshen itace kilo ɗaya sau uku. Ban da wannan, kan gas mai kyau yana isar da kusan rabin zafinsa ko fiye cikin tukunya, alhali murhun duwatsu uku abin da yake isarwa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura duk iska ke kwashewa. In aka haɗa lissafin biyu, kilo ɗaya na gas yana yin aikin itace kilo goma ko fiye a kan duwatsu. A birni, inda itace ma saye ake da tsada, wannan lissafi kan ba gas nasara. A Yalwan Damai kuwa da sauran magana. Itace na zuwa har ƙofar gida a amalanke, mai itace ya san Gwaggo, yana ba ta bashi ta biya in ta yi ciniki. Da kaka ga kara kyauta. Gas kuwa kuɗi hannu ne, a dunƙule, sai an aika Birnin Kudu, an biya ɗan acaɓa zuwa da dawowa, kuma in ya ƙare ana tsakiyar tuƙi babu maƙwabcin da za a ce ya ranto. Mai cin tuwon naira ɗari uku ba zai yarda a ƙara masa kuɗi don an dafa da gas ba.

Sai dai akwai kuɗin da ba ya shiga wannan lissafi, kuma shi ne ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Matar gida girki biyu ko uku take yi a rana ta tashi. Mai abincin sayarwa kuwa tun asuba har bayan isha'i tana cikinsa, ita da 'yan matan da ke mata aiki, waɗanda wasunsu ko aure ba su yi ba. Ba na iya kallon yarinyar nan mai riƙe da kunnen tukunya in ce itace ya fi araha kawai in yi shiru.

Wani direba da ke cin garau-garau a gefenmu yana ta sauraro, shi ya ce akwai wani dattijo ta wajen Sara, a ƙasar Gwaram, mai ginin tandar burodi, yana kuma gina wa masu girkin biki murhu. Washegari na ɗauki ɗan acaɓa muka nufi can. Sara gari ne na kasuwa, ana hada-hadar hatsi da dabbobi, don haka masu abinci ba sa kaɗan. Dattijon ya kai ni bayan wani gida ya nuna mini aikinsa.

Murhu ne na jan bulo da laka, mai baki biyu, tsayinsa bai kai gwiwa sosai ba. Tukunyar a nutse take a cikinsa har kusan wuya, kunnuwanta sun zauna a kan gini, ko an tuƙa da ƙarfi ba ta motsi. Ƙofar itace ƙarama ce, tana da 'yan sandunan rodi da itacen ke hawa, iska na shiga ta ƙarƙashi, toka na zuba ƙasa. A baya ga bututun hayaƙi na langa-langa ya huda rufi ya fita. Na zura hannu tsakanin tukunya da bango, ratar ba ta wuce kaurin yatsa ba. Na ce, "Baba, me ya sa ka matse shi haka?" Ya ce, "Wuta in ka ba ta fili yawo take tafiya. Matse ta ake yi ta bi jikin tukunya dole." Ya ce lakar cikin yana kwaɓa ta da ƙaiƙayin shinkafa, in wuta ta ci ƙaiƙayin sai ya bar 'yan ƙofofi, bangon ya daina shan zafi. Matar da ke girki a kai ta ce itacen da take ƙonawa a da a biki ɗaya yanzu yakan kai ta biyu. Muna tsaye a wurin ana dafa shinkafa, idona bai yi yaji ba.

Abin da dattijon nan ya gano da hannunsa shi ne abin da masana suka rubuta. Wani injiniya Ba'amurke, Larry Winiarski, ya tsara ƙa'idojin irin wannan murhu a farkon shekarun 1980 a cibiyar Aprovecho da ke Oregon: a tsare zafin gidan wuta, a bar iska ta bi ƙarƙashin itace, a ƙona bakin itacen kawai, a tilasta wa zafin ya goga jikin tukunya ta siririyar hanya. Murhun da aka yi haka yakan isar da kashi 30 ko fiye na zafinsa, wato ninki biyu ko uku na duwatsu uku. Maƙwabtanmu na Nijar, bayan farin da suka sha a shekarun 1970 da na 1984, sun yaɗa murhun ƙarfe da suka sa wa suna Mai Sauƙi da na laka mai suna Albarka. A nan gida ƙungiyar DARE ta Kaduna da atmosfair ta Jamus sun kawo Save80, wanda yanzu ake haɗa shi a Kano, murhu ne mai kyau ƙwarai amma tukunyarsa ta girkin gida ce, ba ta kai ta Gwaggo ba. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 kuma suna tune da murhun Abacha, wanda ƙarancin kananzir ya haifar. Mutanenmu ba su taɓa ƙin sabon murhu ba in ya dace da tukunyarsu da aljihunsu.

Dattijon bai ɓoye mini aibin nasa ba. Murhun gini da tukunyarsa ake auna shi, in aka sauya tukunya an ɓata lissafi. Yana son busasshen itace da aka faskara ƙanana, ba a cusa masa gungume. Yana tsagewa, sai ana shafe shi da laka lokaci-lokaci. Bututun yana tara baƙi, in ba a kakkaɓe shi ba hayaƙin ya dawo ciki. Ruwan sama maƙiyinsa ne, dole rufin ya zama ba ya yoyo. Kuma ba a ɗaukar sa, wadda ke haya a filin wani ta yi tunani kafin ta gina. Gwaggo dai a ƙofar gidanta take.

Da na koma muka yanke shawara, ni da ita. Girkin da ke daɗewa a wuta, tuwo da wake da shinkafa, murhun gini mai baki biyu da bututu. Girkin gaggawa kuma, suyar kayan miya, ɗumame, ruwan zafi da asuba, da baƙon da ya zo bayan an kashe wuta, kan gas biyu na baƙin ƙarfe, kowanne da makunninsa, a kan gajeriyar ƙafa ta ƙarfe da mai walda zai haɗa, mai faɗin da tukunyar miya za ta zauna daram. Silinda biyu masu kilo 12.5, ɗaya na aiki ɗaya a cike tana jira, tunda kawunan matsakaita ne ba za su daskarar da ita ba. Kurfoti ya tsaya a kan waina kaɗai.

Ta ce, "Ni fa tsoron abin nan nake, ɗan nan. Muna jin labari." Na ce mata tsoronta a kan hanya yake, kuma shi ne zai tsare ta. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka silindar a waje za ta zauna, a tsaye, a inuwa, nesa da bakin murhun itace, ba kusa da rami ko kwata ba. Warin da ake ji a jikinsa da gangan aka sa, in an ji shi a rufe kan silinda, kada a ƙyasta ashana. Ruwan sabulu ake shafa wa mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Tiyo na gas ake saye, ba na ruwa ba, a ɗaure bakinsa da maɗauri na ƙarfe, a riƙa dubawa saboda ɓera da tsagewa. Ana duba shekarar da aka buga a jikin silinda, tsohuwa mai tsatsa ko lotsattsiya ba a karɓa ko da kyauta ce. Wuta shuɗiya ita ce lafiyayya, in ta yi ja tana baƙanta tukunya kan ya toshe ko iska ba ta isa. Kuma saboda hunturu, a yi wa kawunan kariya ta gefen da iska ke bugowa, in ba haka ba gas ɗin na ƙonewa zafin na tafiya. Na sa ta kira 'yan matan muka maimaita gaba ɗaya, domin su ne za su fi kunnawa.

Da dare na kira ɗan nata. Da farko jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Yaya, ni so nake a ce na fitar da ita daga itace gaba ɗaya." Na ce masa burinsa mai kyau ne, kuma ranar na zuwa in gas ya matso kusa ya yi sauƙi, amma yau abin da za a iya fitar da ita daga ciki shi ne hayaƙi. Na lissafa masa cewa ginin, da bututun, da kawunan, da silindu biyun duka ba za su cinye kuɗin wancan murhu ba. Canjin a gyara rufi, a buɗe taga ta sama, a ajiye bokitin yashi, sauran kuma a saya mata dawa da wake yanzu da kaka suna araha, wanda shi ne jarin gaske na mai abinci. Ya ce a yi hakan. Kafin in taho dattijon ya zo da igiya ya auna tukwanen biyu, baki da ciki da zurfi, ya zana wurin a ƙasa da tsinke.

Masu aika kuɗi gida daga Kano da Abuja da Legas, ga shawarata gare ku. Kafin ku sayi murhun sana'a, ku je ku kwana ku ga girkin da idonku. Ku san abin da ake dafawa, da girman tukunya da siffar gindinta, da nisan inda ake sayen makamashi, da wanda zai gyara in ya lalace, da inda hayaƙin zai bi.

Gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na gas a 2021, ta kuma amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa a 2024. Duka biyun abin so ne, amma kafin su iso rumfunan kudancin Jigawa mata na nan suna tuƙi a cikin hayaƙi kowace safiya. Laka na nan, jan bulo na nan, ƙaiƙayin shinkafa na zube, masu walda na kowane gari. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu ginin da suka san awo. Ina roƙon ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, da cibiyoyin koyon sana'a na jihar, su nemo irin wannan dattijo tun yana da ƙarfi, su haɗa shi da matasa ya koya musu, su fara da kicin ɗin makarantun kwana da rumfunan abinci na kasuwa. Magini goma a kowace ƙaramar hukuma sun isa a fara.